Taɓarya ta Uku

Ƙamshin shinkafar da aka turara aka shanya ne ya fara shigo mini ta ƙarƙashin ƙofa a safiyar nan, ƙamshi mai ɗumi da ɗan tsami-tsami, irin na tabarmar da ruwa ya taɓa rana ta busar. Sauti kuwa ta abin sauraron da ke rufe da kunnuwana ya zo: dum, dum, sai ɗan shiru, dum. Taɓare uku ne a turmi ɗaya. Shekaruna goma sha shida a lokacin, ina zaune gaban kwamfutar Kawu, ina kallon kowane duka yana tsirowa a allo kamar tsinin ciyawar kachalla a kan ruwa. Aikina ɗaya ne, in danna jan maɓallin ɗaukar sauti idan Kawu ya ƙwala mini kira daga tsakar gida, in kuma zauna in ga bai tsaya ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne autan Kaka. A zauren gidanta da ke Haɗeja ya yi situdiyonsa, ya lilliƙa kwalayen ƙwai a bango, ya toshe taga da tsohuwar katifa. 'Yan Islamiyya kan zo a ɗaukar musu waƙar sauka, masu biki kan zo a yi wa amarya waƙa, mawaƙan coci ma sukan zo ranar Asabar da gangunansu. A gidan na tashi, don haka duk wata na'ura da ta shiga zauren nan, a gabana ta yi ƙuruciya, a gabana ta tsufa.

Da rikoda biyu ya fara, tun ban yi wayo ba. Sai ya ɗauki kiɗa a kaset ɗaya, ya kunna shi yana rerawa a kai yana ɗauka a na biyu, ya sake juyawa ya ƙara amshi. Kowane juyi yana zuwa da nasa shuuu, har idan an kai na huɗu sai waƙar ta zama kamar ana rera ta a ƙarƙashin rufin kwano ana ruwa. Idan ya gama, sai ya sa mukulli ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na ƙeyar kaset, don kada wani ya ɗauki wani abu a kai. Daga nan ya samo maganar da ta zame masa kamar karatu: "Abin da aka ɗora wa wani a kai, ya tafi."

Ina aji ɗaya na firamare ya kawo fiyano mai cin wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu. Ranar farko da na ga ya tashi ya bar ta tana kiɗa ita kaɗai, ba hannun kowa a kanta, sai na ruga na ɓuya bayan randar Kaka. Ya zo ya jawo ni yana dariya.

"Ba aljani ba ne, 'yar boko. Tunawa take yi."

"Kiɗan take tunawa?"

"A'a. Idan Inna ta aike ki cefane, miya take ba ki ki riƙe?"

"Faɗa mini take yi, in sayo kaza da kaza."

"To haka ita ma. Ba ta ajiye sauti. Abin da take ajiyewa shi ne wane maɓalli na taɓa, yaushe na taɓa shi, da wane ƙarfi. Aike kawai."

Sai ya danna wani wuri, waƙar da sarewa ke yi ta koma bakin garaya, ya sake dannawa ta koma algaita, ba abin da ya goce ko ɗaya. Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Wasu mutane a wata ƙasa mai nisa sun zauna sun raba waƙa gida biyu, sun ajiye aiken daban, muryar daban. Har yau idan na tuna sai in ji ina son in gaishe su.

Kwamfuta ta zo ina ƙaramar sakandare, tsohuwa, daga Kano, a naɗe cikin bargo. Da ya buɗe manhajar kiɗa, allon ya cika da layuka a tsaye da a kwance, an yanka shi fangali-fangali kamar fadamar shinkafa kafin a sako ruwa. A kowane fangali kana iya dasa duka ɗaya na ganga. Ka dasa nan, ka tsallake biyu, ka dasa can, wani siririn layi ya ratso ta kansu yana girbe su ɗaya bayan ɗaya, sai ga kiɗa. Kaka ta leƙo ta gani ta ce, "Ga gona ba sauro ba tsuntsun jan-baki. Ragwaye sun samu."

Bayan wannan sai wadda ke ɗaukar murya ita kanta, ta zana ta a allo, ka ga tari da numfashi da idonka. Komai da Turanci yake, shi ya sa na zama mai karanta masa. Ni na gano masa maɓallin da ke mayar da aiki baya idan an yi kuskure. Ya gwada shi ya fi sau ashirin a ranar, yana gogewa yana dawowa da shi, sannan ya jingina da bango ya ce, "An ce da-na-sani ƙeya ce. Ga shi mutanen nan sun zagayo da ita goshi." Tun daga ranar sunan maɓallin nan da-na-sani a gidanmu. Aibinsa ɗaya, idan aka ajiye aiki aka kashe kwamfuta, ya manta komai.

Akwai wuri ɗaya da Kawu ba ya shiga. Kowace waƙa tana da jakarta a cikin kwamfuta, a ciki kuma akwai wata jakar cike da ɗaruruwan abubuwa masu sunan lambobi. Ya taɓa share su yana ganin shara ce, washegari ya buɗe waƙar wasu 'yan Islamiyya ya tarar da fangalin wayam, sai da aka sake tara yara arba'in. Daga nan ya sa wa wurin suna hanjin kwamfuta, ya ce mai hankali ba ya sa hannu a hanji. Ni ma ban taɓa buɗewa ba.

A shekarun nan ne injin gyaran shinkafa ya shigo unguwarmu. Mata suka huta, kuma hutun ya kamata, don na ga kantar da ke tafin hannun Kaka. Turminta ya koma wurin zama, wani lokaci kaza ta hau ta yi barci. Amma da yayata ta haihu, Kaka ta ce shinkafar sunan tattaɓa-kunnenta na fari ba za ta shiga inji ba. Ta aika wa aminiyarta ta ƙuruciya, wadda muke kira Iya ta Auyo, ta zo rabin hanya a kwale-kwale rabi a bayan babur. Ta uku ita ce Gwaggo maƙwabciyarmu. Su ukun nan tun suna 'yan mata suke lugude tare, wato daka a turmi ɗaya bi-da-bi, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ana waƙa. Idon Iya ta Auyo ya fara yin hazo, ɗanta kuma zai ɗauke ta zuwa Birniwa bayan suna. Kaka da bakinta ta ce, "Wannan shi ne na sallama." Kawu ya ji, ya tafi ya harhaɗa wayoyi har suka kai daga zaure zuwa gindin turmi.

Abin da ya sa ban ga luguden da idona ba ke nan. Ina zaure, ƙofa a rufe, kunne kaɗai ya kai ni tsakar gida. Kawu ya ɗaura makirufo a jikin gora yana miƙawa, sai na ji muryar Iya ta Auyo tamkar a cikin kaina.

"Kai ɗan nan, janye sandarka. Ni tarwaɗa ce da za ka miƙo mini ƙugiya?"

"Iya, turmin nake nema, ba bakinki ba."

"To turmin ne zai yi maka waƙar?"

Kaka ta ce, "Rabu da shi. Tun yana goye ba ya jin magana sai an kaɗa masa ita."

Gwaggo ta ce su yi su gama, ta bar wake a wuta. Kawu ya kira ni, na danna.

Sun yi kusan rabin sa'a. Waƙar ta shinkafa ce, ɗaya ta tambaya biyu su amsa: shinkafar fadama wa ya shuka ki, ruwa ya raine ni, ruwa zai zo biko. Tsakanin baiti da baiti ana jin tafi, ana jin ɓuntu yana tsalle daga bakin turmi, wani wuri zakara ya sa baki, wani wuri Gwaggo ta yi tari suka yi mata dariya ba su tsaya ba. Ban san lokacin da na rufe ido ba. Na ga kamar gidan gaba ɗaya kwale-kwale ne, su uku suna tuƙa shi.

Washegarin suna Kawu ya ɗaure fiyano a babur ya tafi Miga wani biki. Kafin ya fita ya daidaita tazarar layukan allo da saurin dakan, don yana so daga baya ya ɗora sarewa a hankali a ƙarƙashi. Ya ce in saurara in rubuta masa inda kowane baiti ya fara.

Da hantsi na zauna. A nan ne idona ya ga abin da bai dami kunnena ba ranar dakan. Duka na farko yana kan layi. Na biyu yana kan layi, ko dab da shi. Na uku kuwa kullum a baya yake, ɗan kaɗan, faɗin ƙwayar shinkafa a allo, amma daga farko har ƙarshe bai taɓa cim ma layinsa ba. Nan take na ce a raina na Iya ta Auyo ne. Ita ce ƙarama a jiki, ita ce hannunta ke rawa idan ta ɗauki moɗa. Sai tausayinta ya kama ni. Na ga za a yi ta jin wannan har bayan ransu, kowa ya ji cewa ita ce ta gaza. Na ce bari in rufa mata asiri.

Na san maɓallin. Kawu yana amfani da shi ga samarin da yatsunsu ke zamewa a fiyano, ya danna sau ɗaya duk abin da ya kauce ya koma kan layi. Na sa manhajar ta yayyanka ɗaukar a bakin kowane duka, ta ja kowanne ta ɗora a layinsa. Cikin ƙiftawar ido allon ya zama tsaf kamar shukar injiniya. Na ga yankan sun yi yawa, ba kyan gani, sai na haɗe su suka zama zare ɗaya. Na ajiye aikin. Ina cikin murna da kaina aka ɗauke wuta.

Kawu ya dawo bayan la'asar, ya tayar da janareta, ya fito da lasifika tsakar gida don tsofaffin su ji kansu kafin Iya ta Auyo ta tafi. Na tsaya jikin bango ina ɓoye murmushi. Ya kunna.

Dum dum dum dum dum dum.

Gwaggo ce ta fara ɗaga kai daga tsintar wake. Iya ta Auyo ta karkata kunne. Kaka ta saurara har baiti ɗaya ya wuce, sannan ta ce, "Su wane ne waɗannan?"

Kawu ya ce, "Ku ne, Inna."

"Mu? Yaushe muka shiga soja? Wannan ai fareti ne."

Iya ta Auyo ta ce, "Muryar dai kamar tawa, amma wannan matar ba ta numfashi ne? Ɗan nan, injin unguwarku ka ɗauko ka ce mu ne."

Suka yi dariya su uku, dariya ta gaske, Gwaggo har da share hawaye. Kawu bai yi ba. Ya juyo ya dube ni, na ga ya gane. Inda aka ja dukan, an ja muryoyin da ke kansa, kalmomi sun guntule, tafin ya faɗo a inda ba hannun da zai iya tafawa. Lilon nan da ya mayar da gidanmu kwale-kwale babu shi.

A zaure na faɗa masa duk abin da na yi, ina kuka. Ya danna da-na-sani, bai motsa ba, wuta ta tafi da tunaninsa. Bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Me kika gani da kika gyara?" Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Layin nan mu muka zana shi, 'yar boko. Su ba su san da shi ba."

Ya roƙe su su sake. Shinkafar ta ƙare, kafaɗu sun yi tsami, mai babur kuma yana jiran Iya ta Auyo da sassafe. Kaka ta ce ai lugude ba a yin sa a turmi wofi, wannan kiran yunwa ne. Kwana uku Kawu ya yi yana yanka zaren nan yana matsar da duka na uku baya da kunnensa, ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ƙi. Jinkirin ba iri ɗaya ba ne, wani wuri ya fi tsawo, wani wuri kamar babu, ga muryoyin sun riga sun tsage. Rana ta huɗu ya rufe, ya faɗi maganarsa ta kaset a hankali, ba don ya soke ni ba: abin da aka ɗora wa wani a kai, ya tafi.

Damina biyu bayan nan aka aiko daga Birniwa cewa Iya ta Auyo ta rasu. Kaka ta kifa turminta a bayan ɗaki. Ba wanda ya taɓa tayar mini da maganar, ni ce dai na daina shiga zaure sai in an kira ni karatu.

Manhajojin ba su tsaya jirana ba. Aka kawo wadda ke miƙe muryar da ta karkace, har kowace amarya a garin ta samu waƙa da murya mai santsi kamar gilashi. Kawu ya sauya kwamfuta, ya sayi ta hannu. A shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu har gwiwa, ya zare ma'ajiyar tsohuwar, wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya naɗe a leda ya jefa saman kabad, akwatin kuwa ruwa ya ci. Daga baya situdiyo gaba ɗaya ya shige cikin waya. Na taɓa ganin wasu masunta biyu a bakin kogi, ɗaya yana buga gefen kwale-kwale, ɗaya yana ɗauka yana jera dukan a fangalin wayarsa da babban yatsa. Abin da Kawu ya yi shekaru yana tara wa kaya, ga shi a aljihun rigar da ke warin kifi. Ban ji haushi ba, daɗi na ji.

Wani hutu ina jami'a Kawu ya kira ni zaure yana dariya. "Zo ki ga abin mamaki. Sun sa sabon maɓalli. Idan kiɗa ya miƙe da yawa, sai ka danna ya ɗan karkatar da shi, wai don ya yi kama da na mutum." Ya girgiza kai. "Shekara nawa suna koya wa inji tafiya daidai, yanzu kuma suna koya masa ɗingishi. Mutanen nan suna da kunne, wallahi." Na yi dariya tare da shi.

Bautar ƙasa ta kai ni wani gidan rediyo a Filato. Mai haɗa sauti a can wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, mai haƙuri, tana kirana ƙanwata. Wata rana ina gyara hirar da na ɗauko, na yanke wani wuri fiye da kima, na haɗe, na ajiye, sai washegari na lura. Nan take na tuna ranar da na ɓata luguden su Kaka. Na je na same ta na ce na lalata hirar.

Ta ce, "Kin lalata ta yaya?"

"Na yanke, na haɗe, na ajiye a kai. Kwamfutar ma an kashe."

"To sai me?" Ta jawo kujera, ta buɗe jakar aikin, ta shiga ta cikin, wadda ke cike da lambobi. Na kusa riƙe mata hannu. Ta jawo abu ɗaya ta sake shi a allo, sai ga hirata cikakkiya, har da gaisuwar farko da kukan akuya.

"Ƙanwata, manhajar nan ba ta taɓa asali. Duk yankan da kike yi, rubutu kawai take yi a gefe: fara daga nan, tsaya a can, matsar da wannan. Idan kin haɗe, sabo take yi ta ajiye kusa da tsohon. Na farkon yana nan yadda ya shigo ta makirufo."

"Tun yaushe suke haka?"

"Tun kafin ki san kwamfuta. Ai don haka aka bar kaset." Ta dube ni. "Lafiya? Ko in kawo miki ruwa?"

Aike ne, ba miya ba. Kawu ya faɗa mini wannan ina aji ɗaya, a kan fiyano, amma daga ni har shi ba wanda ya kawo cewa masu manhajar sun bi da murya ta hanya ɗaya. Mun shigo da tsoron kaset cikin ɗakin da aka gina don a raba mu da shi.

Ban iya jira hutu ba, na nemi izinin kwana uku. Kawu ya hau kujera ya sauko da ledar daga saman kabad, ta yi ƙura, gizo-gizo ya yi gida a kai. Wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa ya ba mu wayar da za ta haɗa ma'ajiyar da kwamfutar hannu. Ta yi ƙara kamar mai gyaran murya, ta yi shiru, ta sake, sannan ta buɗe. Muka sami jakar, muka tsaya a bakin hanjin.

"Ke shiga," in ji Kawu. "Ni na yi rantsuwa."

Na jera su bisa nauyi, na taɓa wanda ya fi kowanne. Shiru, sai iska, sai wata murya siririya ta ce, "Kai ɗan nan, janye sandarka."

Kawu ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Da hantsi muka kai wa Kaka. Ta tsufa sosai a lokacin, ba ta fita sai bakin ƙofar ɗakinta, inda take shan rana a kan tabarma. Gwaggo ma an taimaka mata ta zagayo. Kawu ya ajiye ƙaramar lasifika a tsakaninsu. Dum, dum, sai ɗan shiru, dum. Ba wadda ta tambayi su wane ne. Kafaɗun Gwaggo suka fara lilo. Kaka ta rufe ido, hannunta na dama yana ɗagawa daga cinya yana sauka, leɓɓanta suna bin amshi. Da aka zo wurin tarin, Gwaggo ta ce, "Kun ji, waken nan ne ya ƙone ranar," suka yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, muka bar su har ta lafa.

Da ya ƙare na matsa kusa da Kaka. Na ce mata ni ce na ɓata shi a wancan lokaci, ba injin Kawu ba.

"Na sani, ƙawata. Fuskarki ranar kamar wadda ta fasa tulu."

"Dukan Iya ta Auyo na ga yana makara, shi ne na so in gyara mata, kada a ji."

Kaka ta buɗe ido. "Wane duka?"

"Na uku."

"Ita ce ta biyu. Kullum ita ce ta biyu. Na ukun nawa ne."

Na dubi hannunta da ke kan cinya. Sai a sannan na lura, duk tsawon sauraron nan a kan na ukun yake sauka.

Ta ce suna 'yan mata, kafin a yi wa ko ɗayansu aure, kwale-kwale ya kife da su a hanyar Auyo suna dawowa daga yankan shinkafa, gefensa ya daki aminiyarta a kafaɗa. An yi ɗori ya kama, amma tun daga nan taɓaryarta tana sauka daidai, fitowa daga turmi ne take nawa. Duk wadda ta biyo bayanta da sauri sai taɓare su haɗu, a ji ƙwas, 'yan mata su yi dariya, har ta fara gudun shiga daka. Shi ne Kaka ta karɓi bayanta. Takan riƙe tata a sama, tana kallon kafaɗar nan, sai ta ga taɓaryar aminiyar ta fita sannan ta saki. Ranar da ciwon ya motsa ta ƙara jira, ranar da ya yi sauƙi ta rage. Mutane suka ɗauka yanga ce, har wasu suka riƙa kwaikwayo.

Gwaggo ta saki baki. "Shekara hamsin ina cewa iyayi ne ke damunki!"

Na ce, "Ita Iya ta sani?"

Kaka ta ce, "Ban taɓa faɗa mata ba. Har ta koma ga Allah cewa take yi ni ce mai nawa, ita ke haƙuri da ni."